Yadda Ake Komawa Rubutu Bayan an Yi Rasuwa a Gida

Kafin komai, Allah ya jiƙan wanda kuka rasa, ya kyauta makwancinsa, ya ba ku haƙuri. Wannan bayani na marubucin da aka yi wa rasuwa ne, mai waƙa ko mai labari ko mai wasan kwaikwayo, wanda tun da aka dawo daga maƙabarta bai sake ɗora bik a kan takarda ba. Na bi ta nan da ƙafata, na kuma raka abokan rubutu da dama a nan Damagaram. Abin da na lura da shi, hannu yakan riga zuciya dawowa. Wanda ya zauna jiran ranar da sha'awar rubutu za ta zo masa kamar da, zai daɗe a zaune. Saboda haka lallaɓa hannu za mu fara yi. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin zance, amma ƴar'uwa, har da ke nake.

Kayan aiki

Kaye biyu, wato littafin rubutu, irin na ƴan lakwal (ƴan makarantar boko) mai shafi 100, bangonsu kala daban don kada ka rikita su. Ɗaya na mamaci ne, ba mai karanta shi sai kai. Ɗayan na aiki ne, shi ne wata rana zai iya fita waje. Duk tsarin nan a kan raba su ya tsaya, don haka kada ka ce za ka yi tattali ka haɗa su a kaye guda. In babu kuɗin saye, tsohon kayen yara da ya rage shafuka ya isa, ka yage na gaba.

Bik biyu, saboda in ɗaya ya ƙafe a tsakiyar zama za ka samu hujjar tashi.

Waya mai ɗaukar murya, da katin memori. Ban ce ka yi rubutun a waya ba, aƙalla a makonnin farko. A cikinta saƙonnin gaisuwa suke, da hotunan mamaci, da lambarsa da har yanzu ka kasa gogewa. Za ka buɗe don rubutu, ka tarar awa guda ta wuce kana kallon hoto ɗaya.

Wurin ajiya mai makulli: akwati, ko ƙasan adaka, ko jakar da yara ba sa taɓawa. A gidan yawa takarda ba ta da sirri.

Lokaci ƙayyadadde. Bayan sallar asuba ya fi, kafin a fara sallama da hayaniyar neman ruwa, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke hana mutum tunani tun hantsi. Wanda aikinsa bai bar masa safiya ba ya ɗauki bayan isha'i, ya tanadi fitila mai caji don kada ɗaukewar kuran ta zama dalilin fashi.

Sai mutum guda da ka amince da bakinsa. Aikinsa yana can gaba, amma tun yanzu ka san ko wane ne.

1. Bari makoki ya tashi

Kwanakin zaman gaisuwa ba na rubutu ba ne. Ka zauna a tabarma, ka karɓi mutane, ka amsa "ya haƙuri" ko sau nawa aka ce maka. A gidaje da yawa akan yi sadakar uku, wasu har bakwai da arba'in, ga biyan bashin mamaci, ga maganar gado. In kai ne babba, wannan kaɗai zai cinye ka. Abin da zan yarda ka yi a wannan tsakani bai wuce layi ɗaya ba: in wani mai gaisuwa ya faɗi wani abu game da mamaci da ba ka taɓa sani ba, ka keɓe ka rubuta shi, da sunan wanda ya faɗa. A zaman makoki ne kawai tsofaffin abokan mahaifinka za su taru wuri guda, kuma abin da suka faɗa a ranar da wuya su maimaita.

Yaushe za a fara? Babu adadin kwana da ya dace da kowa. Alamar da nake dubawa ita ce barci da abinci: in kana samun barcin ƴan awowi a jere, kana cin abin da aka sa maka, za ka iya gwadawa.

Ke da ke takaba, wata huɗu da kwana goma ne a gabanki, ko har ki haihu in da ciki. Takaba ta hana ado da maganar aure da fita babu dalili, ba ta hana riƙe bik ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Matsalarki ta ainihi rashin kaɗaici ce, don kullum akwai masu taya ki zama. Ki faɗa wa babbar da ke kula da ke, inna ko goggo ko yaya, cewa kina son a ɗan bar ki bayan asuba. Gara ki faɗa da bakinki da a gan ki da kaye a fara tsegumi.

2. Maido da hannu

Ɗauki kayen aiki. Minti 10 a rana, ka duba agogo, in sun cika ka rufe ko da kana tsakiyar jimla. Mai jinya in ya tashi da kunu ake fara masa, ba a ajiye masa malmalar tuwo.

Kwana ukun farko kwafa kawai za ka yi. Samu wata rubutacciyar waƙa ko shafin littafin da kake so tun da can, ka juye shi da hannunka, harafi bayan harafi, da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sabawa. Ba ka ƙirƙiri komai ba, amma yatsu sun tuna aikinsu.

Daga nan sai siffanta abin da ke gabanka, abin da ba shi da alaƙa da mamaci. Zauna gefen baduku ka rubuta yadda yake jiƙa fata, yadda yake riƙe basilla, abin da yake cewa in mai saye ya taya da rainin wayo. Shiga kasuwar Dole ranar Alhamis ka dawo da cinikin akuya ɗaya tak, kalma da kalma, har da rantsuwar dillali. Ko ka bi lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ka zaɓi ƙofar gida guda mai zanen bango ka faɗi abin da ke jikinta. Wadda ba ta fita ta rubuta tsakar gida: wa ya fara tashi, me aka ɗora a murhu, wace kaza ce ke korar sauran.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne auna wannan rubutu da na da. Zai fito a bushe, jimlolin gajeru, babu armashi. Haka ya kamata ya fito. Kada ka gyara, kada ka yage, kada ka karanta na jiya. In ka tsallake rana, washegari minti 10 ɗin ne dai, ba a ramuwa. Mako biyu zuwa uku a wannan mataki bai yi yawa ba.

3. Buɗe kayen mamaci da lissafi

Kada ka fara da yadda kake ji. In ka fara da shi, abin da zai fito shi ne abin da kowa ke faɗa a gaisuwa: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci. Gaskiya ne, amma ana faɗar haka a kan kusan kowane mamaci, kuma bayan shekara biyar ba zai tuna maka da kowa ba. Jera abubuwa za ka yi, layi-layi, ba tare da ƙawata su ba.

Dubi bambancin. "Inna mace ce mai tausayi" layi ne da ba ya riƙe komai. Amma ka rubuta: "Takan ƙulle canjin cefane a gefen zane, ƙulli biyu, ɗaya na gishiri da daddawa, ɗaya na almajirin da ke zuwa bayan magariba. In ka taɓa na biyun, ranar ba ka da kwanciyar hankali." Wanda bai taɓa ganinta ba ya gan ta.

Abubuwan da za ka bi: yadda yake kiran sunanka in yana fushi da in yana son aike, ƙusar da yake rataye carbi, tashar rediyon da yake kamawa da lokacin, irin tarin da yake yi kafin ya shigo gida don matan su kimtsa, abincin da ba ya ci, karin maganar da ya fi yawan jefawa, wanda yake tsokana da wanda yake jin nauyi. Biyar a rana sun isa. Abin da ya fi saurin gushewa shi ne murya da irin kalmomin mutum, saboda haka su za ka fara kamawa.

In naka ya ƙare, je wurin manya. Kai wa goggo goro, ka zauna, kada ka ce "ba ni tarihin Baba", za ta ce ba ta san komai ba. Tambaye ta ƙaramin abu: "Goggo, wai da wace sana'a ya fara kafin ya shiga fatauci?" ko "Ranar da aka kawo Inna gidan nan, wa ya rako ta?" Daga nan ita za ta ja zaren. Nemi izininta kafin ka kunna ɗaukar murya. In ta ƙi, ka saurara da kyau, kana fita zaure ka rubuta kafin ka gaisa da kowa. In ta fara kuka ka kashe wayar, ka yi addu'a tare da ita, ka bar sauran sai wani zuwan.

Gargaɗi biyu. Na farko, saƙonnin muryar da mamaci ya taɓa turo maka ta WhatsApp ka kwashe su zuwa katin memori yau, ka kuma tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Na biyu, wayar mamaci da takardunsa da littattafansa kayan gado ne. Ko kai kaɗai ne mai karatu a gidan, ba naka ba ne sai an raba. Nemi izinin magada ka ɗauki hotonsu, ka mayar. Na ga gidan da wasiƙu uku suka haddasa gabar da fili bai haddasa ba.

4. Rubuta abin da ke ci maka rai, amma da iyaka

Yanzu ne za ka taɓa wurin ciwon: daren da aka kira ka, hanyar asibiti, abin da ka so faɗa ba ka faɗa ba, wanda kake ganin ya yi sakaci, har da haushin da kake ji na shi mamacin da ya tafi ya bar ka da kaya. Duk a kayen mamaci.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya gwada wannan a 1986: ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi damunsu na minti 15, kwana huɗu a jere. Ma'aunin nasa nake ara saboda yana da bakin iyaka. Minti 15, kwana huɗu, sai ka rufe kayen ka ba shi mako guda. Ka sa ran jikinka zai yi nauyi bayan kowane zama, don haka kada ka yi shi dab da barci, kuma ka shirya abin da za ka yi da ka tashi: alwala da nafila, ko tafiya fada a sha shayi da abokai, ko shiga cikin yara.

Wasu suna jin tsoron wannan mataki, suna ganin rashin tawakkali ne. Da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Iyakar ke nan, kuma fili ne mai faɗi.

In ka ga rubutun kullum wuri ɗaya yake zagayawa, jimlolin jiya su ne na yau, kana tashi a jigace fiye da yadda ka zauna, dakata ka koma mataki na 2. Kaye ba likita ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa baƙin cikin rashi mai tsanani da ya zarce wata shida yana hana mutum harkokinsa a cikin abubuwan da ake dubawa a asibiti. In abin ya kai haka, ko ka daina ci da barci, je ka ga likita. In kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, a ranar za ka faɗa wa wani babba a gida, ku tafi tare.

5. Tsohon aikin da ka bari

Littafin da rasuwa ta tarar kana tsakiyarsa, sai yanzu za ka ɗauko shi. Karanta daga farko har inda ka tsaya, a zama ɗaya ko biyu, babu bik a hannu. Ɗayan uku za ka tarar. Ko dai labarin yana nan da ransa, sai ka sake kwafe shafi biyun ƙarshe da hannu, ka zarce daga nan ba tare da tsayawa ba. Ko ka ji muryar ta yi maka nisa, wargin da ke ciki ba ya ba ka dariya, sai ka rubuta a takarda guda yadda ka yi niyyar ƙare shi, ka ajiye, ka kama gajeren abu sabo. Ko kuma ka tarar akwai mutuwa a cikin labarin wadda ka rubuta tun ba ka san ta ba, yanzu kana ganin ƙaryarta. Wannan babin ka gyara shi a ƙarshe, bayan sauran sun kammala.

Masu sakin labari babi-babi ga makaranta a waya, ku ne kuka fi shan matsi, kullum ana "ina ci gaba?" Layi biyu sun wadatar: an yi mini rasuwa, zan dawo in Allah ya yarda, a sa mu a addu'a. Kada ka yanka rana. Kuma kada ka saki babi ko ɗaya sai ka tara biyar a ajiye, don makon da za ka kasa yana nan tafe.

6. Juya shi ya zama adabi

Ba dole ba ne ka rubuta komai a kan rashin. Wasu sun dawo da labarin ban dariya, kuma babu laifi. In kana so, ka ɗebo daga kayen mamaci ka kai kayen aiki, kaɗan-kaɗan, ka zaɓi sigar da za ta ɗauka.

Marsiyya, wato waƙar juyayin mamaci, tsohuwar hanya ce. Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa ta zamanin da, ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr, har yau ana karantawa. Nana Asma'u ƴar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Gidado, ta yi wa aminiyarta A'isha. Amfanin waƙa ga mai baƙin ciki shi ne ƙa'idarta: kana neman amsa-amo, kana auna kari, hankalinka ya rabu biyu, ciwon bai samu duka ba. Fara da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, ta fi sauƙin riƙewa a kan ƙwar biyar mai layi biyar. Zaɓi amsa-amo mai yalwar kalmomi, irin "-wa" ko "-ya", kada ka ɗaure kanka da wanda zai ƙare maka a baiti na shida. Buɗe da sunan Allah da salati kamar yadda aka saba, ka rufe da addu'a, amma tsakiyar ka cika ta da abubuwan lissafinka na mataki na 3. Rera kowane baiti da baki. Inda harshe ya yi tuntuɓe, karin ya karye.

In gajeren labari ne, ɗauki rana ɗaya ko abu ɗaya, kada ka ce za ka kwashe rayuwar mutum duka. Ranar da aka raba tufafinsa, misali, da rigar da kowa ya yi shiru a kanta. Ba wa tauraron wani suna, ka ce "ya" ko "ta" maimakon "na", nisan da wannan ke bayarwa yana da amfani. Kuma ka bar mamacin ya zama mutum, da faɗansa da rowarsa ta ƙananan abubuwa. In ka wanke shi tas, mai karatu ba zai yi kewarsa ba.

Mai wasan kwaikwayo yana da sa'a, don zaman makoki cike yake da magana: mai gaisuwar da ya zo da maganar bashi, kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya, ƙanin da ya iso daga Kano bayan an rufe. Damagaram, garin da ya haifi marubuci André Salifou, wanda ya ɗora Sarkin Damagaram Tanimu a dandali, bai rasa masu kallo ba.

7. Tace sirrin gida

Nan ne marubuta suka fi ɓata zumunci. Damagaram gari ne babba, amma in ka ce unguwa kaza, sana'a kaza, mata uku, an gane gidan. Canza suna kaɗai bai isa ba. Canza unguwa, canza sana'a, canza yawan ƴaƴa, in ta kama ka mai da baffa kawu.

Bi rubutun da jan bik, ka yi wa kowane layi tambaya biyu. Mamaci zai yarda a san wannan? An hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma irin cutar da ya yi da abin da ya faɗa a gargara amana ce. Sannan wa zai ji kunya a cikin masu rai? Rigimar gado, wadda ta yi jinya da wadda ba ta leƙo ba, zargin sammu, duk su zauna a kayen mamaci. In kana ganin labarin ba zai tsaya ba sai da su, ajiye shi shekara guda ka sake dubawa. Sau da yawa za ka tarar haushi ne ya rubuta wurin.

Abin da ya tsira daga jan bik, karanta wa wanda ya fi kusa da mamaci kafin kowa ya gani, uwa ko mata ko babban wa. Da baki za ka karanta, a zaune, ba turawa a waya ba. In Hajiya ta ce "cire wannan", cire, ko da shi ne layin da ka fi so.

8. Mai karatun farko, sannan fitarwa

Yanzu aikin mutumin nan guda ya zo. Kada ya kasance ɗan gida, don ɗan gida kuka zai yi, ba zai ga inda labarin ya yi rauni ba. Faɗa masa abin da kake so tun farko: a karon farko ya nuna maka inda bai gane ba da inda ya gaji, gyaran ƙa'idar rubutu sai karo na biyu. Kada ka kai shi fada a karanta a tsakiyar shayi. Wani zai yi wargi ba da mugun nufi ba, kai kuma ka rufe kayen wata uku. In babu wanda ka amince da shi kusa, ɗauki muryarka kana karantawa, ka bar ta kwana bakwai, ka saurara kamar ta wani.

Wajen fitarwa fara da ƙaramin wuri: taron marubuta ƴan'uwanka, ko filin adabi a gidan rediyo, ko ɗaliban jami'a masu sha'awar Hausa. Mata masu gajeren labari akwai gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, sai dai ki karanta sharuɗɗan shekarar da kyau, kuma ki tambayi kanki ko za ki jure a karanta labarin a rediyo duk dangi suna ji, ko kuma a ƙi ɗaukarsa. In amsar a'a ce, tura wani labarin daban, wannan ya jira.

Ka sa a ranka akwai ranakun da hannun zai sake tsayawa: azumin farko babu shi, safiyar Sallah, bikin da da shi ne zai karɓi baƙi, zagayowar watan da ya rasu. Duba kalanda tun yanzu ka yi musu alama, kada ka ɗauki alkawarin miƙa aiki a makonnin. In sun zo ka koma mataki na 2, kwafa da siffantawa, minti 10, har su wuce.